An tura ni waje aiki da alkawari, na dawo an ce ba a san zancen ba

Ɗan Birni:
Salamu alaikum 'yan uwa. Ina neman wanda irin wannan ta taɓa samu. Kamfanin gine-gine da nake ma aiki ya tura ni Cadi, patoron da bakinsa ya ce in na dawo zai ɗaga mini katagori ya ba ni shef na ekip, wato shugaban rukunin ma'aikata, kuma firim ɗin zaman waje, wato kuɗin da ake ƙarawa a kan albashi, za a haɗa a ba ni gaba ɗaya. Na bar iyali a Damagaram, har aka yi sunan ɗana ban nan, na dawo na tarar an ba wani kujerar, firim kuma kullum a dakata sai ƙarshen wata. Wallahi zuciyata na ce mini in aje aikin kawai.

Direban Zango:
Wa alaikumus salam. Ɗan uwa kar ka aje, don Allah kar ka rubuta demisiyon, takardar aje aiki, cikin fushi. Ni haka na yi bayan mun dawo daga Aljeriya da manyan motoci aka hana mu kuɗin hanya, da na je neman haƙƙina abu na farko da aka nuna mini takardar da na sa ma hannu ce. Wanda ya tafi da kansa ba ya da kuɗin sallama irin na wanda aka kora, kuma shi ne ma za a ce ya ba da preyabi, wato sanarwa tun kafin ya bar aikin.

'Yar Garin Malam:
Malam tambaya ɗaya, alkawarin nan a rubuce yake ko na baka ne? Nan ne duk maganar take. Ni wata ONG ce, ƙungiya mai zaman kanta, ta tura ni Dakar, kafin in hau jirgi na nace sai an rubuta komi, kuɗin gida, kuɗin abinci, biyen dawowa, da matsayin da zan koma, aka yi ƙarin takarda aka liƙa ma kontara. Lokacin har ana cewa na cika ƙorafi. Da na dawo an canza darakta, sabon ya ce shi bai ɗauki ma kowa alkawari ba, na ɗauko takardar na aje masa, ai alkawarin na ma'aikatar ne ba na mutum ɗaya ba. Bai ji daɗi ba amma an biya ni.

Ɗan Birni:
Hajiya na baka ne. Sai dai akwai saƙon WhatsApp da ya yi maganar firim ɗin, kuma odar misiyon, takardar da aka tura ni aikin da ita, tana hannuna.

Tsohon delege:
To ƙanena ba hannu rabbana kake ba. Ka adana saƙon nan, ka tura kwafi wata waya, ka haɗa da odar misiyon, biltan ɗin albashinka na kafin tafiya da na bayan dawowa, har tambarin shiga da fita na paspo. Sai ka rubuta masa wasiƙa cikin ladabi kana neman abin da aka ce, a buga maka tambarin an karɓa a kan kwafinka. In akwai delege, wakilin ma'aikata, a wurinku ko kana cikin sandika, ƙungiyar ƙwadago irin su USTN ko CDTN ko wata, ka shigar da su. In shiru, ka tafi ofishin inspeksiyon na aiki nan Damagaram, inspekta zai kira ku ku biyu a yi sulhu, in an daidaita a rubuta, in ba a daidaita ba a ba ka takardar rashin sulhu ka wuce kotun ma'aikata. Dokar aiki ta 2012 ita ta tsara haka. Amma gaskiya zan faɗa maka, firim da ke cikin saƙo ya fi sauƙin ƙwatowa, ƙarin girma na baka kam sai da shedu, kuma abokan aiki da yawa tsoron bakin abincinsu suke. Kar ka ja lokaci, bashin albashi yana da wa'adi a doka.

Maman 'yan biyu:
Baba delege ka manta CNSS, asusun fansho da tallafin iyali na ma'aikata. Maigidana sai da ya je ya duba ya ga duk watannin da ya yi waje ba a zuba masa ko dala ba, alhali ana cirewa a albashi. Abin ya fi firim ɗin ci mini rai, don wannan kuɗin tsufansa ne da na yaranmu.

Makaniken Sabon Gari:
Ni tawa daban ce, horo aka kai ni Turkiyya, aka sa na sa hannu zan yi masu wasu shekaru ko in biya kuɗin horon. Yanzu ƙarin albashin bai zo ba, tafiya kuma ba dama. Baba delege, tunda su suka fara saɓawa, sharaɗin nan har yanzu yana ɗaure ni?

Tsohon delege:
Ya danganta da ko ƙarin albashin yana cikin takardar da ka sa ma hannu. Ɗauke ta ka kai ma inspekta ya karanta kafin ka motsa. Kai kuma Ɗan Birni, in suka miƙo maka takardar cewa an biya ka duka haƙƙinka, kar ka sa hannu a tsaye cikin biro, ka ce za ka je gida ka karanta.