Yaran shagona zan yaye, ya zan gane gwajin da nake musu yana auna iyawa?

Tela_Aboabo:
Salamu alaikum yan uwa. Ina da shagon ɗinki a Aboabo nan Kumasi, yara uku zan yaye bayan sallah in sha Allahu. Wanda na yaye bara shi ya sa ni tunani, na ba shi kaftani ya ɗinka tsaf na sa masa albarka, ashe gwajin ne bai cika ba don ni na yanka masa yadin da hannuna. Yana buɗe shagonsa ya ɓata shaddar wani alhaji, hannun riga ɗaya ya fi ɗaya tsawo, kuma sunana ake kira. Wallahi abin ya tsaya min a rai.

Malama_Asawase:
Wa alaikumus salam Masta. Ni firamare nake koyarwa, tun da aka kawo sabuwar manhaja a 2019 abin da ake jaddada mana kenan, kowane abu da yaro zai iya a rubuta shi daban. Kai ma ka zauna ka rubuta: ɗaukar awo, zane da alli, yanka, wuya, aljihu, zif, guga. Kowanne a gwada shi shi kaɗai, kar ka haɗa maki ka ce ya samu 70 ya wuce, don zai iya cinye ɗinki da guga ya faɗi yanka kuma lissafin ya rufa masa asiri. Yanka kam ko ya iya ko bai iya ba.

Tsohon_Tela:
Ɗana ka gwada gwajin kansa tukuna. Ka ba yaron da ya shigo wata shida, ka kuma ba wanda ka tabbatar ya ƙware, in duk sun wuce to gwajinka ba ya tace komai. Sannan kar kai kaɗai ka duba, idonka ya saba da su kuma akwai tausayi. Kira teloli biyu daga waje kowa ya duba rigar shi kaɗai ba tare da sanin wa ya ɗinka ba, in hukuncinsu ya yi nisa da juna sharuɗɗan ne ba su fito fili ba, a sake zama.

Tela_Aboabo:
Na gode Baba, na gode Malama. To riga ɗaya ta isa?

Tsohon_Tela:
Ina! Sa'a ma tana ɗinka riga ɗaya. Ka ba shi mai tumbi yau, siririn yaro wani satin, yadi mai santsi ma a ciki, kuma shi zai riƙe tef da almakashi tun daga farko, kai kana gefe ba ka cewa uffan.