Haƙarƙarin saniya ya ƙi laushi a gangar hayaƙi, ina neman shawara

Jama'a assalamu alaikum. Mai walda ya haɗa min gangar gashi mai murfi, gawayi a ƙasa, raga a sama. Jiya na fara gwada ta da haƙarƙarin saniya kilo 2, na shafe shi da gishiri da yaji tun dare.

So nake zafin ya tsaya a digiri 110 zuwa 120, amma ina! Na buɗe ƙofar iska ya haura 160, na rufe garwashin ya nemi mutuwa. Da na ƙara icen mangwaro sai farin hayaƙi ya turnuƙe tsakar gida, har Hajiya ta leƙo tana tambayar me ya kama.

Abin da ya fi ɗaure min kai, cikin naman ya kai digiri 70 ya kafe nan kusan awa 2. Da haƙuri ya ƙare na sauke. Baya baƙi ƙirin ga ɗaci, ciki kuwa tauri kamar ganda.

Masu tukuba, a ina na kuskure? Icen ne bai bushe ba, ko gaggawar saukewa na yi? In naɗe shi a takarda kamar balangu in mayar?