Ƙarfe iri ɗaya, amma ɗaya ya riga ɗaya karyewa

Assalamu alaikum, manyanmu injiniyoyi. Ina karatun ƙarafa a nan Legas, kuma aikin kammalawata ya cije.

Ina nazarin yadda ƙarfen sandar tabayin (injin da tururi ke juyawa don samar da wutar lantarki), irin mai kuromiyam da molibdenam da banadiyam, yake miƙewa sannu a hankali idan ya daɗe cikin zafin tururi wajen digiri 540, kamar a tashoshin wuta masu aiki da tururi irin ta Egbin a Ikorodu. Samfuri biyu gare ni. A takarda sinadaransu kusan ɗaya ne, sai dai an zuƙe wa ɗaya iskar gas lokacin narkarwa, ɗayan kuwa a fili aka narka shi. Da aka gwada su, na fili ya karye da wuri, ko miƙewar kirki bai yi ba, ga ƙananan ramuka a iyakokin ƙwayoyinsa, wato inda ƙananan ƙwayoyin da suka haɗu suka yi ƙarfen suke haɗuwa da juna.

Zuciyata ta fi karkata ga datti, wato fosfaras, kuza da salfa da suke taruwa a waɗannan iyakoki. To amma idan gashin wutar da aka yi wa samfuran bayan ƙira ne ya bambanta fa? Ta yaya zan raba laifin biyun, alhali na'urar hangen ƙananan abubuwa da nake da ita ta haske ce kawai? Wata biyu ya rage mini. Don Allah a taimaka.