Musayar waƙa: James Brown da dukan ɗaya

Mai Kalangu: Salamu alaikum 'yan zaure. Waƙar wannan mako a kan James Brown ce, mawaƙin Amurka da ya taso a salon kiɗan soul ya kafa salon funk, mai aza nauyi a kan dukan farko na ƙirga huɗu. Ƙwar huɗu za mu yi, babban amsa-amo “ya”. Bismillah.

Barnwell ce mahaifa, 1933 shekara,
Talauci ya rene shi tun yana cikin yara,
Da gogen takalmi da rawar titi ya fara,
A garin Augusta, can jihar Jojiya.

Yana ɗan sha shida aka kama shi da sata,
Fasa motoci ne laifin da ya aikata,
A gidan yarin Toccoa muryarsa ta fita,
Bobby Byrd ya ji, ya zama abokin tafiya.

A 1956 faifan farko ya shiga kasuwa,
“Please, Please, Please”, roƙo har da durƙusawa,
Kalma guda yake ta nanatawa,
Salon majami'a ya fito da shi duniya.

Hajiya Mai Faifai:

Malam, ka tsallake gidan wasan Apollo na New York, dakata tukuna,
Syd Nathan mai kamfani bai ga riba ba, ya hana,
Brown ya naɗi wasan 1962 da kuɗin da ya adana,
Faifan ya hau na biyu a jadawalin Billboard, kwalliya ta biya.

Sai dai har nan soul ne, ba a kai funk ba,
Biyu da huɗu ke da nauyi, ɗaya bai samu ba,
Wa zai warware mana, ba da kirari ba,
Yadda aka kwashe nauyin aka aza wa ɗaya?

Baba Na-Zango:

Hajiya, ƙirga mini: ɗaya, biyu, uku, huɗu,
A kan ɗaya ganga da jitar bes da busa za su haɗu,
Tsakani kowa ya watse, inda ya so ya gudu,
Sharaɗi dai a dawo tare a kan ɗaya.

Gangar ƙafa a kan ɗaya take saukowa,
Ƙaramar ganga biyu da huɗu take amsawa,
Tsakaninsu ƙananan duka, sanda na shafawa,
In ka ƙarfafa su, kiɗan ya zama hayaniya.

Jimmy Nolen ya mai da jita abin kaɗawa,
Hagu ta danna kaɗan, nan take tana sakewa,
Dama duka sha shida a ƙirga huɗu, ba tsayawa,
Sauti busasshe, gajere, ba a jan tsirkiya.

Su Maceo Parker masu busa, ga nasu tsari,
Su soka gajere, su janye da sauri,
Mai bes shi ma ya bar wa shiru sarari,
Wanda ya cike ko'ina ya kashe tafiya.

Kuskuren ɗan koyo shi ne gaggawa,
Jini ya hau, gudun kiɗa yana ƙaruwa,
Bes ya riga gangar ƙafa saukowa,
Mai rawa ya rasa inda zai taka ɗaya.

A “Cold Sweat” na 1967 za ki ji shi zalla,
Pee Wee Ellis ya tsara, amo guda aka ƙulla,
Ana ta juya shi, can sai canji ya ɓulla,
A ɗan zaga, a komo tsohuwar hanya.

Autan Zaure:

Baba, da izininka, a 1965 aka soma,
“Papa's Got a Brand New Bag” ne ya buɗe dama,
An ƙara wa tef ɗin gudu bayan an gama,
Shi ya sa kiɗan ya tsuke, ya ɗaga murya.

Hajiya Mai Faifai:

Auta, ku kuma faɗi yadda makaɗan suka sha tara,
Takalmi ba ƙyalli, kuskuren duka, ko makara,
Yana cikin rawa zai watsa yatsu ya yi ishara,
Dala biyar ke nan, daga albashi za a biya.

A Maris na 1970 suka nemi haƙƙi,
Ya hau dokin naƙi, yawancinsu suka bar aiki,
Bootsy Collins mai bes, ɗan sha takwas, ya shigo ciki,
Shi da wansa Catfish, wasan daren bai tsaya.

Wannan “bai” ɗin kar ku nemi “ba” dinsa, amsa-amo ya cinye.

Mai Kalangu:

Hajiya, wanda aka fi cuta mai ganga Clyde Stubblefield ne,
“Funky Drummer” na 1969, dukan nasa ne,
'Yan hip-hop sun yanka sun ɗora, sananne ne,
Sunan Brown ke kan takarda, Clyde ya sha wuya.

Amma da aka kashe Martin Luther King, birane na ƙonewa,
5 ga Afrilun 1968, Boston na tsoron fashewa,
Aka sa wasan Brown a talabijin kai tsaye ga kowa,
Jama'a suka zauna gida, birnin ya kwana lafiya.

Autan Zaure:

A ƙarshen 1970 Legas ta karɓi baƙi,
Makaɗan Brown suka je gidan rawar Fela bayan aiki,
Su Bootsy suka ji Tony Allen mai gangar Fela, suka yi mamaki,
Kowa ya ɗebi na kowa, Amurka da Najeriya.

Baba Na-Zango:

Kar a ɓoye, ƙwaya ta kai Brown ga ɗauri,
1988 ya shiga, 1991 ya bar gidan yari,
Ƙarar dukan mata ma ta bi shi a jeri,
Ba zan wanke shi ba don Allah ya ba shi murya.

Ranar Kirsimetin 2006 ya rasu a Atlanta,
Wasiyya ta ce dukiyar ta kai marasa hali makaranta,
Magada da lauyoyi suka tsaya kan rabonta,
Sai 2021 aka kawo ƙarshen jayayya.