Don Allah a taimaka da Hausar "involuntary confession"

Mai Shiri: Assalamu alaikum. Gobe da safe zan gabatar da shiri a rediyo kan haƙƙin wanda ake tuhuma. Me za mu kira laifin da mutum ya amsa a hannun 'yan sanda ba da son ransa ba, wanda kotu ke watsi da shi?

Malama: Iƙirarin tilas. Malaman fiƙihu sun daɗe da cewa iƙirarin wanda aka tilasta ba hujja ba ne.

Lauya: Ya kusa, Malama, amma tilas ba ta kwashe komai ba. A shari'ar Brown da jihar Mississippi, 1936, bulala aka yi wa mutum uku har suka amsa kisa, Kotun Ƙolin Amurka ta soke hukuncin. Wannan tilas ce ƙarara. To wanda aka yi wa alkawarin sassauci in ya sa hannu fa? Ba wanda ya taɓa shi, amma lauyansa na iya neman a jefar da takardar.

Ɗan Asali: Iƙirari Larabci ne. Ni "tatsattsen furuci" na ƙirƙiro, don tatsar bakinsa aka yi. Yaushe za mu daina bara a ƙofar wasu harsuna?

Malama: Malam, alƙali da shari'a da hujja daga ina suka zo? Kotu da lauya fa? Cire su ka ga ko za a yi zama.

Ɗan Asali: Abin kunyar ke nan ai. Tatsattsen furuci!

Edita: Saniya ce? Matsalata daban: a labarai "ya yi iƙirari" na nufin ya yi da'awa, kamar ƙungiyar da ta ɗauki alhakin hari. A ce "amsa laifi" kawai.

Lauya: Sai ya rikice da amsawa gaban alƙali. Wanda muke magana a kai a ofishin bincike ake yi, inda hukuncin Kotun Ƙolin Amurka na 1966 a shari'ar Miranda ya ce sai an sanar da mutum yana iya yin shiru, yana iya neman lauya.

Mai Shiri: Dare ya yi. Da farko zan ce "amsa laifi wurin bincike ba da son rai ba", daga nan in riƙa cewa "iƙirarin tilas".

Lauya: Na haƙura, amma ki ambaci alkawari da barazana.

Ɗan Asali: Ku yi ta yi. Ni dai a ajina tatsattse zan koyar.