Aku da laikin: me ya sa ba a kare su ta hanya ɗaya?

Ɗalibar Kawo:
Assalamu alaikum malamai. A darasin kare halittu an haɗa mana aku da laikin, wato tabon nan fari-fari ko kore da ke manne a ɓawon mangwaro da kan duwatsu. Ina suka bambanta, kuma me ke yi wa kowanne barazana?

Malamin Tudun Wada:
Wa alaikumus salam, 'yata. Aku mai toka-toka da jan wutsiya tsuntsun kurmi ne, irin na Kuros Riba, ba na dajinmu ba. Yana sheƙa a kogon tsohuwar bishiya, ƙwai 2 zuwa 4, kwancin kusan kwana 30, kuma sai ya yi shekaru kafin ya fara haihuwa. Shi ya sa kamu ke cinye shi: masu tarko sun fi haihuwarsa sauri. A 2016 aka sa shi a rukunin farko na yarjejeniyar CITES, wato ta ƙasashen duniya kan cinikin dabbobi da tsirran da ke fuskantar ɓacewa, an hana cinikin na daji tsakanin ƙasashe. Na keji kuwa, gyaɗa zalla tana jawo masa ƙarancin kalsiyam, sinadarin da ke ƙarfafa ƙashi, har ya riƙa faɗuwa yana karkarwa, gyaɗa mai funfuna kuma tana iya kashe shi.

Malama daga Barnawa:
Laikin ba halitta ɗaya ba ce. Funfuna ce da gansakuka suke zaman cuɗe-ni-in-cuɗe-ka: gansakuka na haɗa abinci da hasken rana, funfuna na ba ta mafaka da danshi. Ba saiwa, komai daga iska da ruwan sama yake sha, don haka hayaƙi mai sinadarin farar wuta ke fara kashe shi. Girmansa milimita kaɗan ne a shekara. Da hunturu ya bushe ƙayau, ruwan farko ya farfaɗo, kada ki ɗauka ya mutu.

Ki gwada da kanki. Yanki kwali mai taga biyar a jere, kowace santimita 10 tsawo da faɗi, ki ɗora a gindin bishiya mita 1 daga ƙasa, gabas, yamma, kudu, arewa, ki ƙirga iri nawa ke cikin kowace taga. Kwatanta mangwaron bakin babban titi da na wajen Kagoro da ke nesa da hayaƙin motoci. Amma bishiya iri ɗaya za ki auna, don ɓawon dogon yaro da na mangwaro ba ɗaya ba ne, in kin haɗa su lissafin zai rikice.

Malamin Tudun Wada:
Haka ne, Malama. Masu lambu kuma su daina kankare laikin, ba ya tsotsar bishiya. Inda suka haɗu da aku shi ne tsohuwar bishiya: in an sare ta, ba kogon sheƙa, ba ɓawon mannewa.