Inji ya buga: a gyara ko a sauya?

Bakatsine:
Salamu alaikum masana. Corolla ce, a hanyar Daura jar fitilar mai ta kama, direba bai tsaya ba. Can sai ƙara ƙwas-ƙwas daga ƙasan inji, mota ta mutu. Bakanike ya ce inji ya buga. Me ya lalace a ciki? A gyara ko a nemi na Beljiyam?

Mai Sifana:
Wa alaikumus salam, Malam. Jar fitilar nan nufinta baƙin mai ya daina hawa da ƙarfi, ko da akwai shi a ciki. Karanshaf, wato sandar ƙarfen da ke juyawa a ƙasan inji, a kan ɗan siririn mai yake juyawa, ba ya taɓa metal, wato siraran ɓawon ƙarfen da ke rungume da shi. Da man ya yanke sai ƙarfe ya hau ƙarfe, metal ya narke cikin mintuna kaɗan. Ƙarar da aka ji, kwanrod, sandar da ke haɗa fistin da karanshaf, shi ne ya samu sarari yana dukan karanshaf. In aka matsa, ya karye ya huda bulok, wato gangar jikin inji.

A kwance ƙasan inji a gani. In bulok lafiya lau, a kai karanshaf a yanke 0.25 mm, in ciwon ya yi zurfi 0.50, a sa metal daidai da yankan. Sai a wanke duk hanyoyin mai da rariyar da famfon mai ke tsotsa ta cikinta, a sauya famfon da filta. A nan ake yawan yin ha'inci: in aka bar garin ƙarfe a ciki, sabon metal ba zai yi ƙarko ba. Bulok kuwa in ya huje, magana ta ƙare, sai wani inji.

Ɗan Kusugu:
Oga ya faɗi gaskiya, amma a fara gano abin da ya yanke man. Ko ya zube, ko ya daɗe ya zama laka ya toshe rariya, ko jabu aka zuba. Da ƙurarmu da zafinmu, kada a wuce kilomita 5,000 ba a yi juye ba. A buɗe murfin baƙin mai kuma: in man ya koma kamar shayi da madara, gasket ta ƙone ruwa ya shiga, kuma wataƙila top silinda, wato kan inji, ta lanƙwashe. Ruwan rijiya zalla a lagireto yana kawo haka, domin yana tara tsatsa da gishiri har ya toshe ta, inji ya ɗau zafi.

Direban Jibiya:
Malam, in na Beljiyam za ku saya, a buɗe murfin sama a duba laka, a juya injin da sifana a ji ko yana tafiya sumul, a kuma yi yarjejeniyar kwanakin gwaji a rubuce. A wanke lagireto kafin a ɗora injin, a tabbatar fanka na tashi.